Na Nemi Kuɗin Makokin Mijina Tun Yana Raye

Assalamu alaikum, Umm Nawras.

Don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe, ki ba ni amsa kafin watan nan ya mutu, domin abin da nake shirin yi, in na yi shi ba ya gyaruwa. Ban saba rubutu ba. A wayar 'yata nake karanta filinki, kuma a kanta nake rubuto miki, don haka in kin ga ina kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni.

Shekaruna arba'in da shida, muna zaune a wani ƙauye kudu da Basra, bakin ruwa. Mijina zan kira shi Falih. Ba sunansa ba ne, ko da yake duk wanda ya taɓa cin shinkafar makoki a yankinmu zai gane shi kafin ya kai tsakiyar wasiƙar nan. 'Ya'yanmu uku, duk mata, babbarsu Wasan, da sunanta ake kiran mu, ni Umm Wasan, shi Abu Wasan. Sana'arsa tuƙi, yana da a-kori-kura yana ɗauko tumatir daga gonakin Zubair zuwa kasuwa. Amma abin da aka san shi da shi tukunya ce. Duk wanda ya rasu a danginsu, kafin a gama wankan gawa Falih ya ɗora manyan tukwanen nan da yaro zai iya iyo a ciki, ya kwana uku a tsaye yana dafa shinkafa da ƙima, miyar nan ta nama da wake da ake tuƙawa har ta haɗe. Ba a biyan sa, kuma da za a miƙa masa wani abu da an ga tashin hankali. Tun da na shigo gidansa nake wanke jallabiyar da ta sha hayaƙin mutuwar wasu.

Bara, bayan Babbar Sallah, ya fara ramewa yana riƙe ciki. Muka yi ta sayen maganin gyambon ciki a kanti har wata uku, kafin ya yarda aka ɗauki hoton cikin a asibiti. Ciwon daji ne a hanji, har ya taɓa hanta. A nan kin san ba a kiran sunansa, sai dai a ce wancan ciwon, a tofa. Ni kam sunansa nake kira, tunda shi bai ji kunyar shigo mini gida ba.

Ba zan ci haƙƙin asibitin gwamnati ba. Sun yi masa aiki ba su karɓi ko sisi ba, likitansa mutumin kirki ne, ƙarin ruwan maganin ma kyauta ne in akwai. Matsalar wata allura ce da ake haɗawa da shi, wadda yau akwai, gobe babu, kuma babun ta fi yawa. Likita zai rubuta sunanta a 'yar takarda, ya miƙo mini ba tare da ya dubi fuskata ba, ya ce, "Umm Wasan, wannan sai a waje." A waje kuwa kusan miliyan biyu ce a kuɗinmu na dinari, duk bayan mako uku. Ga hoto, wanda in ka bi layin gwamnati sai ciwon ya yi jikoki kafin a zo kanka. Ga kuɗin mota zuwa birni, ga gwajin jini, ga abincin da cikinsa ke karɓa, wanda ba shi ne muke ci ba.

Zinaren aurena ya fara tafiya. Motar ta bi, ranar da aka zo ɗaukar ta Falih ya shige banɗaki ya ƙi fitowa har suka bar layin. Na sayar da dabinonmu na shekara biyu tun ba su yi fure ba. Na'urar sanyaya ɗakin yara ma ta tafi, a wannan zafi na Basra, yanzu mu biyar muke cunkushe a ɗaki ɗaya. Wasan ta ajiye karatu tana sayar da kaya a wani shagon mata. Mutane sun yi ƙoƙari, ban ce ba su yi ba. A watan farko kowa ya zo da lemo da ɗan kuɗi a ƙarƙashin matashi. A wata na shida sai lemon kaɗai. Yanzu gaisuwa ce ta waya, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da tasa.

Abin da ya hana ni haƙura shi ne maganin yana aiki. Da ba ya yi, da na tofa masa addu'a na zauna kusa da shi na jira hukuncin Allah. Amma hoton ƙarshe ya nuna abin ya ragu fiye da rabi, har likita ya yi murmushi, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya ce yana son a ƙara zagaye shida na allurar. Babu abin da ya rage mana sai gida, shi kuwa Falih ya rantse ba zai sayar da rufin da ke kan 'ya'ya mata uku ba, ko da zai ƙara masa shekara ɗari.

To ga asusun dangi. Duk namijin da ya fara gemu yana zubawa, Falih tun kafin ya aure ni yake biya, bai taɓa tsallake wata ba. Ko a watan da muka sayar da mota, mai karɓa ya zo ya ƙwanƙwasa, Falih ya sa na ɗauko daga kuɗin da na ware na zuwa asibiti na ba shi. Ni ba ni da ɗa namiji da zai zauna a zauren Shaihu, shugaban dangi, ya yi magana da bakina, sai na je wurin yayan mijina, Hajji Mizhir, wanda wurin zamansa a zauren bai da nisa da na Shaihu. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Matar ƙanena, asusu na jini ne da likkafani. A biya diyya in yaronmu ya yi ɓarna, a yi makoki in namu ya tafi. Haka muka tarar. In aka buɗe wa ciwo, gobe mai ciwon haƙori zai zo da kumatu a kumbure." Ya sa hannu a aljihu ya ba ni abin da ya samu. Ba mugu ba ne, ƙaninsa ne, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Amma abin da ya ba ni ko rabin allura bai kai ba.

Sai Baffa Nahi ya rasu, wani tsohon dangi da ya haura casa'in, ya ci abincin rana ya kishingiɗa bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Aka kafa rumfa ta tare titi daga nan har can, aka yanka bijimai biyu ban da raguna, aka yi jerin motoci zuwa maƙabartar Najaf, duk daga asusu. Falih, wanda ko banɗaki sai an riƙe shi, ya ce sai an kai shi. Aka ɗora shi a kujera aka ajiye kusa da tukwane, wani ya riƙe masa lema. Daga ɓangaren mata ina jiyo muryarsa yana daka wa samari tsawa: "Kai Sattar, wannan albasa ce ko gawayi? Uban wa ya koya maka juya miya kamar mai sharar masallaci?" Ana ta dariya. Rabon da in ji shi haka tun kafin aiki.

A rana ta uku abin ya faru. Da safe na biya kantin magani, mai kantin ya ce kuɗin allurar ya ƙaru. Na dawo wurin makoki na zauna, sai ga yara suna wucewa da manyan farantai, shinkafa da nama ko taɓawa ba a yi ba, suna zubarwa a bakin rafi. Karnukan unguwa ma sun ƙoshi sun kwanta a gefe suna kallo. A daidai lokacin Fakhriyya, matar Hajji Mizhir, ta dafa gwiwata ta ce, "Kin ga dangi ko, Umm Wasan? Wallahi babu wanda zai mutu a cikinmu ya wulaƙanta. Kowa haka za a yi masa."

Umm Nawras, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "To ku ba ni na Abu Wasan yanzu. Bijiman nan biyu allura uku ne. In ya mutu ni zan dafa muku shayi, ku sha ku watse." Kuma ba a hankali na faɗa ba. Wata tsohuwa ta ce, "A'uzu billahi, tana yi wa mijinta fatan mutuwa a gidan mutuwa." Fakhriyya ta janye hannunta daga gwiwata kamar ta taɓa murhu. Kafin in gano takalmina a bakin ƙofa, maganar ta riga ni isa rumfar maza.

Da aka dawo da shi gida bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Na ji kin sa ranar makokina. Wa kika ɗauka ya dafa?" Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Shekara talatin ina tsaye a kan wuta don kada a ce gidanmu ya gaza. Ke kuma da baki ɗaya kin mai da ni mabaraci a gaban yaran da nake koya wa yanka albasa." Ya juya fuska ga bango. Tun ranar ba ya karɓar abinci sai daga hannun Wasan, in na shigo sai ya rufe ido. Ya aiko ta ta gaya mini ba zai koma asibiti ba, wai mutumin da matarsa ta yi cinikin makokinsa ba ya buƙatar allura. Ranar zagaye na gaba kuwa tana ƙarshen watan nan.

Ga abin da nake shirin yi. Ranar Juma'a bayan an sauko, maza suna taruwa a zauren Shaihu. Ina so in shiga, inda mace ba ta shiga, in cire abayata in jefa a gaban butocin gahawa, in kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayen ubanninsu. Kakata ta ba ni labarin wata da ta yi haka a zamaninsu, ta ce babu namijin da ya iya haɗiye gahawa sai da aka biya mata buƙata. Na san in na yi, kafin la'asar kuɗin suna hannuna. Na kuma san daga ranar Falih ya zama mutumin da matarsa ta tuɓe mayafi a zaure, kuma da wannan sunan za a riƙa nuna 'ya'yana in an zo neman aure. Wataƙila ya sake ni. Wallahi na fi son ya sake ni yana raye da in yi masa takaba ina matar kirki. Amma in ya ƙi karɓar allurar fa, bayan na zubar da komai?

Ina son mutumin nan, ko da yake a yanzu ji nake kamar in kwaɗa masa ludayinsa. Ina jin haushin danginsa, ina jin haushin bakina. Ki gaya mini gaskiya, na yi laifi? In shiga zauren, ko in zauna in kalle shi yana ƙarewa saboda kunya?

Taki,
Matar mai tukunya, kudancin Basra

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Gyara abayarki a kanki tukuna, ki zauna, mu bi abin daki-daki.

Na farko, ranar asibiti. Kada ki bari ta wuce shiru. Ko Falih ya je ko bai je ba, ke ki je tun kafin ranar, ki sami likitan nan da kika ce mutumin kirki ne, ki gaya masa abin da kika gaya mini: kuɗi sun ƙare. Iyalai da yawa suna ɓoye wa likita wannan, su yi ta tsallake zagaye yana zaton ciwo ne ya fi ƙarfin magani. Ki tambaye shi ko allurar tana da 'yar'uwa ta wani kamfani mai sauƙin kuɗi, ko akwai wani asibitin gwamnati da ke da ita ya rubuta miki takarda, da kuma ko jinkirin mako ɗaya ko biyu zai yi ɓarna. Sannan ki daure ki yi masa tambayar da kike tsoro: zagaye shidan nan me za su saya, warkewa ko ƙarin lokaci? Duk amsar da ya bayar, kina da haƙƙin jin ta kafin ki sayar da mutuncinki ko rufin gidanki. Ki karɓi rahotonsa da hatimi, ki ba Wasan ta zagaya ƙungiyoyin taimakon masu wannan ciwo da ofisoshin sadaka na manyan masallatai. Ba za su ɗauke duka ba, amma allura ɗaya da wani ya biya mako uku ne kika samu na numfashi. Gidan kuwa, ina bayan Falih, kada a taɓa shi.

Kin tambaye ni ko kin yi laifi. Abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma rabin matan da ke ɗakin nan sun faɗe shi a zuci kafin ke. Na sha zama a makokin da naman da aka zubar zai iya jinyar mamacin shekara guda, na koma gida raina a ɓace. Amma kin faɗe shi a gidan mutuwar wani, a gaban 'ya'yansa, kuma a ranar da ta fi kowace rana daɗi ga mijinki tun da ya kwanta. Ki duba da kyau. An karɓe masa mota, an karɓe masa ƙarfi, 'yarsa ce ke ciyar da gida. A kan kujerar nan kusa da tukwane ne kaɗai ya koma Falih, ba majinyaci ba, yana zagi ana dariya. Yana cikin wannan sai aka raɗa masa cewa matarsa tana can tana lissafa bijiman makokinsa. Ba allurar yake ƙi ba, 'yata. Yana ƙin a ɗauke shi daga mai ciyarwa a mai da shi abin tausayi. Taurin kai ne, na yarda, kuma zai iya kashe shi, amma ki san inda yake masa ciwo kafin ki taɓa.

Hajji Mizhir ma yana da tasa gaskiyar, ko da ya faɗe ta da baƙin salo. Kuɗin diyyar nan su ne ke hana samari ɗaukar bindiga in an yi haɗari ko faɗa ya kai ga jini, kuma Shaihun da ya buɗe asusu don mutum ɗaya saboda matarsa ta yi kuka, gobe ba shi da amsar da zai ba gida na biyu. Inda Hajji ya kuskure shi ne da ya ce haka suka tarar. Waɗanda suka kafa dokar ba su san allurar miliyan biyu ba. A zamaninsu mutum yakan kwanta mako guda, ya tashi ko ya tafi.

Yanzu abaya. Za ta yi aiki, ban musa ba. Amma sau ɗaya ake jefa ta. Za su haɗa miki kuɗin allura ɗaya ko biyu cikin kunya da fushi, ke kuwa shida kike nema, kuma a zagaye na uku ba ki da abin da za ki sake jefawa. Ga shi kin faɗa da bakinki, mai yiwuwa mai jikin ya ƙi miƙa hannu. Wannan ciniki ne da za ki biya duka ki karɓi kaɗan.

Kuskurenki ɗaya ne: kina nema wa Falih. Ki daina. Ki nema wa dangi. A ƙauyukanmu na kudu, dangin da ya isa ya tare titi da rumfa ba zai rasa gidaje biyar ko shida da wancan ciwon ya shiga ba, kin ga ni ma na saba da ɓoye sunansa. Maza ba su sani ba, ko sun sani ba sa faɗa. Mata kuwa sun san gidan da aka fitar da firji da sassafe, sun san wadda awarwaronta suka ɓace daga hannu ta ce wai sun matse ta. Ki fara da Fakhriyya. Ki je har gida da ɗan abin hannu, ki ba ta haƙuri, domin ba da mugunta ta yi maganarta ba, kuma ita ce ƙofar kunnen Hajji. Ki je gidan Baffa Nahi ki ba 'ya'yansa haƙuri, wannan wajibi ne ko da babu wata buƙata a bayansa. Daga nan ku bi gidajen nan ɗaya ɗaya, kowace mace ta koma ta yi aiki a kan mijinta ko ɗanta. Kun iya, kun sha yi a kan abin da bai kai wannan ba.

Maza suna da tasu hanyar da ba ta zubar da mutuncin kowa, kin san ta. A zuba wa mutum gahawa, ya karɓi finjali ya ajiye a ƙasa bai sha ba, har sai mai zaure ya tambaye shi buƙatarsa. Mutum ɗaya in ya yi, ana iya lallashinsa. In shida suka ajiye a zama ɗaya, dole Shaihu ya gyara zama. Kuma kada su ce a taɓa kuɗin jini. Su ce a rage makoki: nama rana ɗaya, sauran kwanakin gahawa da shayi, abin da ya ragu a ware shi don jinya, a riƙa biya kai tsaye ga kantin magani bisa takardar likita. Da haka mai ciwon haƙorin Hajji ya sami amsarsa.

Wa zai fara ajiye finjali? Falih. In wani ya ce a rage shinkafar makoki, za a ce rowa ce ko talauci. Mutumin da ya yi shekara talatin yana dafa ta kyauta, babu mai iya buɗe baki ya gaya masa haka. Ba zai shiga a matsayin mai roƙo ba, zai shiga a matsayin mai tukunya, kuma in yana so ya ce a fara da gidan wane kafin nasa, ya faɗa. Allurar ƙarshen watan nan kuwa, in ƙungiyoyi ba su kawo ba, ki nemi Hajji ya haɗa ta shi da 'yan'uwa a matsayin rance, da sunan rance, domin irin mijinki yana haɗiye bashi, ba ya haɗiye sadaka.

Saura ki sa shi ya buɗe baki, kuma ban-haƙuri daga bakin ƙofa ba zai yi ba. Ki dafa ƙima gobe, ki ɓata ta da gangan. Ki tsinka ta, ki bar albasar ta ƙone, ki ba Wasan ta kai masa. Mutumin da ya tashi daga gadon jinya don ya zagi Sattar ba zai iya shiru a kan wannan ba. In ya kira ki ya fara faɗa, ki bar shi ya gama, ki zauna a bakin gadon, ki ce masa: "Abu Wasan, ban nemi makokinka ba, ƙin sa na yi. Ba na son in ci shinkafar da wani ya dafa a kanka." Ki ba shi haƙuri a kan wurin da kika faɗa, kada ki ba shi haƙuri a kan son ya rayu. Sannan ki ba shi labarin sauran gidajen, da sunayensu. Namijin da ba zai nema wa kansa ba yakan tashi da gudu in an ce ɗan ƙaninsa ne ke kwance.

Abu ɗaya zan ƙara, mai ɗaci. In ya ji bayanin likita da kunnensa, ya auna, ya ce ya gaji da allura, jikinsa ne, kuma sai ki riƙe hannunsa a kan haka. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne ya bar magani mai aiki saboda fushin magana ɗaya, ko saboda abin da za a ce a rumfa.

In kuwa duk an yi wannan, an ajiye finjalai, Shaihu ya yi murmushi ya ce haka muka tarar, aka ɗauka aka shanye, to abayarki tana nan a kanki, ba ki kashe ta ba. Ki aiko mini saƙo ta wayar Wasan. Na tsufa, gwiwoyina sun lalace, kuma ba ni da sauran wanda zan ji kunya. Zan shiga mota in zo, mu shiga zauren tare, mu jefa biyu.

Allah ya ba Abu Wasan lafiya, ya mai da shi kan tukwanensa, ya sa tukunyar da zai fara ɗorawa ta bikin Wasan ce. Ki gaishe mini da 'yan matan.

Umm Nawras